Yadda Aka Ƙidaya Gidan Maimakara

A zamanin da, tun ana auna nisan gari da kwanakin jaki, an yi wani sarki a wani birni mai ƙofa bakwai. Annobar agana ta shigo masa ƙasa da kaka, ba ta fita ba sai da wata kakar ta zagayo. Da ta tafi, sai ta bar masa aikin da ya fi yaƙi wuya. Gidaje sun zama kango, gonaki sun rasa masu su, kullum safiya ƙofar fada cike take da masu cewa su ne magada. Wannan ya ce shi ɗan Musa ne, wancan ma ya ce shi ɗan Musa ne, alhali Musan da aka binne a shekarar sun fi arba'in. Alƙali ya yi ta shari'a har muryarsa ta dushe.

Ran nan Sarki ya tara majalisa, ya ce, "Na gaji da 'ya'yan Musa. Ku ba ni shawara."

Wazirinsa, mai suna Gwadabe, ya gyara zama. Mutum ne mai sanyin murya, amma abin da idonsa ya gani ya yi masa, ba ya barci da daɗi sai ya shigo hannunsa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Sunan uba yana mutuwa da uba, shi ya sa muke wannan wahala. A sa doka kowane gida ya zo fada ya faɗi abu uku: sunan da aka san gidan da shi, asalinsa da ma'anarsa, da yawan masu amsa shi da garuruwan da suke. A rubuta a ajiye. Gidan da ya kawo mutum goma sha biyu rayayyu, ya riƙe gandunsa. Wanda ya kasa, to gidan ya mutu, ƙasarsa ta koma hannun fada. Kuma kada a ce jini. Wanda ya amsa sunan da bakinsa a gaban Sarki, shi za a ƙidaya."

Shawara ce mai kyau, ba mai musun haka, Sarki kuwa ya karɓa. Sai dai Waziri ba gadon marayu ne ya dame shi ba. Akwai wata fadama a bayan Ƙofar Gabas, ƙasa baƙa wulik wadda ba ta bushewa ko da rani, da wani tudu a gefenta. Shekara goma yana wucewa ta wurin a kan doki yana ganin rake da albasa a zuciyarsa. Ya kuma san sarai cewa gidan da ke riƙe da ita saura mutum ɗaya a birni.

Mutumin nan sunansa Tunau, na gidan Maimakara. Sana'ar gidansu tun kaka da kakanni ita ce suturta baƙo. Duk falken da ya mutu a zango ba dangi, duk matafiyin da aka tsinta a bakin ƙofa, su ke wanke shi, su sa masa likkafani, su ɗauke shi, su binne shi a kan tudun nan. Fadamar ita ke ci da su. Da annoba ta zo, kowa ya kulle ƙofarsa, su kuwa aikinsu ne ya ƙaru. 'Ya'yan Tunau maza biyar suka yi ta ɗaukar gawa har suka ɗauko ciwon zuwa gida. Ya cinye su, ya cinye 'yan'uwansu mata biyu, ya cinye uwarsu. Tunau ya haƙa kabari takwas da hannunsa a gefen tudun, don a lokacin babu mai kai gawa nesa.

Tun daga nan bai yi kuka ba, ko sau ɗaya. Maƙwabta suna cewa ba su taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba, shi kuwa ya san ba haƙuri ba ne. Babu komai ne a ciki. In an kawo masa tuwo ya ci, bai san ko da gishiri ko babu ba. In an gaishe shi ya amsa. In an yi dariya kusa da shi ya dubi bakin mai yin ta. Kullum da hantsi ya ɗauki fartanya ya hau tudu ya nome ciyawa, don hannunsa ya saba, ba wanda kuma ya ce masa ya daina.

Da layi ya zo kansa, dogari ya shigar da shi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, aka ce Sarki ya gaishe shi. Sarki ya ce, "Tsoho, ina asalin sunan gidanku?"

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, kakan ubana Anaruwa masaƙin asabari ne. Wata rana wani falke ya faɗi ya mutu a Ƙofar Gabas. Ya kwana biyu a wurin, kowa ya zo sai ya kauce, don ba a san ko na wane ne ba. Anaruwa ya yanko gwangwala ya ɗaure makara, shi da ƙannensa uku suka ɗauke shi. Sarkin lokacin ya ji labari, ya ba shi tudun ya riƙa binne baƙi, ya ba shi fadamar ya riƙa ci. Mutane suka koma kiransa Mai Makara. Ma'anar ke nan, ba wata a ɓoye."

"Ku nawa ne masu amsa shi?"

"Bara mu ashirin da uku ne a birni, har da ƙannena da iyalansu. Bana ni ne."

Ya faɗe ta kamar mai ba da labarin kajin wani. Sarki ya dube shi jim kaɗan, sannan ya tambaya ko akwai dangi a wasu garuruwa. Tunau ya ce akwai. Sarki ya ce an ba shi kwana arba'in ya kawo goma sha ɗaya, in ya kasa, fadama da tudunta su koma fada. Waziri ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rigarsa. Tunau ya san abin da ake nufi da tudu ya koma fada: za a baje shi a shuka, da baƙin da ke ciki da takwas ɗinsa. Ya sani a ka, amma bai ji shi a ƙirji ba. Ya tashi ya ɗauki sanda da gora ya kama hanya, don an ce ya tafi.

Dangi kam ya same su, har ya yi mamakin yawansu. A wani garin marina, kwana biyu kudu, ya sami jikokin Anaruwa talatin da ɗaya, amma duk sunan garin suke amsawa. A bakin kogi ya sami goma sha tara suna fito da jirgi, suka ba shi kifi suka ce su kakansu masunci ne, ko da yake tsagar da ke fuskarsu irin tasa ce. Wasu sun zama malamai, wasu majema, wasu sun watsu ɗaya ɗaya a ƙauyuka. Duk inda ya je sai a shimfiɗa masa tabarma, a yi masa gaisuwar rashi, da ya ambaci abin da ya kawo shi sai hira ta koma kan damina.

Mafi girmansu shi ne Madugu Korau, ɗan ƙanen ubansa, mai fataucin goro, wanda mutanen gidansa sun kai arba'in. Shi kaɗai ya isa ya raba gardama. Ya karɓi Tunau a zaure, sanye da wata sabuwar riga mai aska takwas, irin ɗinkin da sai a birni ake yi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaya, don Allah ka dubi lamarin nan da kyau. Ni goro nake sayarwa, abin da ake sawa a baki. Wa zai sayi goro a hannun Maimakara? Wa zai ba ɗana 'ya? Shekara talatin ina wanke sunan nan daga jikina, yau ka ce in je gaban Sarki in yafa shi?"

Tunau ya ce, "Ubanka ma a tudun yake, don can ya ce a sa shi."

Korau ya kawar da kai, ya ce, "Allah ya jiƙansa. Matacce ba ya jin garma, Yaya."

Tunau ya ga rigar, ya kuma ji a bakin bayin gidan cewa manzon Waziri ya riga shi zuwa da kwana uku. Da wani ne, da ya yi fushi, ko ya tsine wa zumunci. Shi kuwa ya sha furar da aka kawo masa, ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa. A duk tafiyar mutum ɗaya ce ta ce tana amsawa, wata gwaggonsa Tabawa, makauniya, wadda ta shekara uku ba ta taka ƙofar ɗaki ba. Ta shafa fuskarsa ta ce, "Ka gaya wa Sarki ina nan." Ya ce to.

Ran kwana na arba'in ya koma fada shi kaɗai, ƙafafunsa sun yi kaushi. Majalisa ta cika. Sarki ya ce, "Mutum nawa?"

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, jinin Anaruwa na samu ɗari da goma sha huɗu a gari shida. Masu amsa sunan a bayan ƙasa mu biyu ne, ɗayar ma ba ta iya zuwa. A cikin ƙasa kuwa dubu biyu da ɗari uku da tara."

Waziri ya yi dariya har rawaninsa ya motsa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rashi ya taɓa tsohon nan. Ko gidan sarauta bai binne dubu biyu ba."

Sarki ya ɗaga hannu, ya ce wa Tunau, "Yi mana bayani."

Tunau ya ce, "Ka'idar gidanmu ce, ranka ya daɗe. Anaruwa ya ce kada a sa mutum a ƙasa ba shi da kowa. To in mun gama wanke baƙo, kafin mu rufe fuskarsa, babbanmu sai ya ce masa, wane, ko kuwa bawan Allah in ba mu san sunansa ba, daga yau kai ɗan gidan Maimakara ne, addu'arka da sharar kabarinka suna wuyanmu. Sai a jefa tsakuwa ɗaya a randa. Randa uku ce yanzu. Na zube su jiya na ƙirga, don an ce a kawo adadi."

Sarki ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago sai ya ce, "Doka doka ce, rayayyu aka ce. Waziri, fadama da tudunta sun koma fada, na ba ka riƙonsu. Jibi a sa garma." Sannan ya kira sanƙira ya ce, "Yau kasuwa ke ci, ayari uku sun sauka. Ka je zango ka yi shela sau uku cewa jibi za a baje tudun Ƙofar Gabas. Ka tafi da tafinta, a faɗa da Barbarci, a faɗa da Buzanci, a faɗa da Nufanci, kada baƙo ya ce bai ji ba."

Waziri murna ta hana shi tambayar abin da ya haɗa zango da noman rake. Tunau kuwa ya ji maganar, bai bi ta kanta ba. Ya faɗi ya yi godiya kamar yadda ake yi in an yanke hukunci, ya fita. Rana ba ta yi zafi sosai ba, saboda haka ya ɗauki fartanya ya hau tudu ya nome ciyawar da ta fito a bayansa. Ya san jibi za a baje wurin, ya kuma nome shi tas.

Washegari da hantsi dogari ya zo ya ce Sarki na kira. Da Tunau ya iso ƙofar fada sai ya tarar ba masaka tsinke. Raƙuma a durƙushe, jakuna a ɗaure, mutane kala kala, masu amawali da masu dogayen huluna, kowa fuska a ɗaure. Ya ratsa ta cikinsu aka kai shi gaban Sarki, aka kuma shigo da manyan baƙin.

Wani Babarbare dogo, mai fataucin kanwa, sunansa Fannami, shi ya yi magana a madadinsu. Ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara. Shekara ashirin da biyu ina kawo kanwa garin nan. Ba don kasuwarku ta fi ta wasu ba, ka gafarce ni. Ubana ne ke kwance a tudun nan. Ya zo da ayari ina yaro, bai koma ba. Da na girma na biyo sawu, aka ce mini wasu mutane sun wanke shi sun yi masa salla, ba su karɓi ko allura ba. Jiya muka ji wai za a sa masa garma."

Sarki ya ce, "Ku baƙi ne. Wannan shari'ar gidan Maimakara ce, gidan kuma ya mutu, don an rasa mutum goma sha biyu masu amsa sunansa. Sai dai kai Fannami, an gaya mini jiya cewa kafin a rufe fuskar ubanka, an ce masa shi ɗan gidan ne. Ban sani ba ko kai ka san haka."

Fannami ya juya ya dubi Tunau. Ya ce, "Baba, haka aka yi?"

Tunau ya ce, "Haka ake yi wa kowa."

Fannami ya sake fuskantar Sarki. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a garinmu ni Fannami ɗan Kolo ne, a haka zan mutu. Amma gidan da ya karɓi ubana ranar da ba shi da kowa, ni ban isa in ce ba gidanmu ba ne. A garin nan duk wanda ya kira ni Fannami na gidan Maimakara, kafin ya rufe baki na amsa."

Wani Buzu a bayansa ya ce shi ma wansa yana can, yana amsawa. Wani Banufe ya ce kakansa. Magana ta fita waje, sai hayaniya ta tashi a ƙofar fada, kowa yana neman a shigar da shi.

Waziri ya miƙe, murya ta daina sanyi. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, wannan wasa ne! Waɗannan ba jinin Anaruwa ba ne. Shari'a ma ta hana a jingina mutum ga wanda ba ubansa ba."

Sarki ya dubi Alƙali. Alƙali ya yi gyaran murya da ragowar muryarsa, ya ce, "Ba wanda ya sauya uba, ranka ya daɗe, kowa ya ji ya ce shi ɗan Kolo ne. Sunan gida ake magana. Dokar kuwa ga ta a rubuce: kada a ce jini, wanda ya amsa da bakinsa a gaban Sarki shi za a ƙidaya. In ban manta ba, Waziri ne ya kawo wannan sharaɗin."

Aka sa magatakarda ya zauna a bakin zaure, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna amsawa. Har azahar ana yi. Aka sami Barebari ashirin da shida, Buzaye goma sha tara, Nufawa goma sha huɗu, sauran kuwa mutanen Gwanja ne da Yarabawa da Larabawa biyu, da wata mai sayar da fura a zango wadda uwarta ta zo da ita a goye ta mutu a nan. Duka tamanin da uku. Da Tunau da gwaggonsa, wadda Sarki ya ce a karɓi saƙonta, tamanin da biyar. Sarki ya sa aka rubuta sunan da asalinsa da ma'anarsa, aka ƙara da cewa gida ne da masu amsa shi suka fito daga ƙasa bakwai, kuma duk wanda nasa ke kwance a tudun yana da ikon amsa shi har abada.

Sannan ya juya ga Waziri ya ce, "Gwadabe, na ji labarin rigunan da ka aika gari shida. Ka so ƙasar nan ƙwarai, to za ka taɓa ta. Ajiye rawanin. Za ka kewaye tudun da katanga, kai da kanka cikin masu kwaɓa ƙasa. Ranar da aka gama sai mu duba ko kan naka ya koma daidai rawani." Dogarai suka ce gaskiya ne, Zaki. Aka mayar wa gidan Maimakara fadamarsa da tudunsa, mutane suka yi ta sa wa Sarki albarka.

Tunau ya faɗi ya yi godiya, daidai irin wadda ya yi jiya da aka ƙwace. Ya lalubi zuciyarsa ko zai ji daɗi, bai sami komai ba. Da ya fito, baƙin suka kewaye shi, kowa yana roƙo a nuna masa nasa. Ya ce su biyo shi.

Kaburburan ba rubutu, sai fasassun tukwane da 'yan duwatsu, amma shi ya san su kamar yadda mace ta san kwanukanta. Sai ya tambayi shekara da irin kayan da mutum ya zo da su, ya yi tafiya kaɗan, ya tsaya. "Nan. Dogo ne, da tabon igiya a hannun hagu." Ya wuce. "Nan. Ubana ne ya wanke shi, ni na riƙe buta." Manyan mutane masu gemu suna durƙusawa suna kuka a bayansa, shi yana gaba yana nuna na gaba. Haka har la'asar ta yi sanyi.

Suna gangarowa Fannami ya ga wasu kaburbura takwas a jere a gefe, ƙasarsu ba ta gama kwanciya ba. Ya ce, "Baba, waɗannan fa? Daga wace ƙasa suka zo?"

Tunau ya ce, "Daga ɗakina."

Mutane suka tsaya. Fannami ya ce a hankali, "Faɗa mana sunayensu, mu yi musu addu'a."

Tunau ya fara daga ƙarshen layi, yana nunawa da sanda. "Yalwa, uwarsu. Hajo, ita ce auta. Mati. Kulu. Nalado. Sallau. Ɗantani. Sai wannan." Ya tsaya. Na farkon layi ɗan farinsa ne, kuma shekara talatin da huɗu bakinsa bai taɓa furta sunan ba, don uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Yaron nan yake ce masa, ko ya ce kai. Ko ranar da ya wanke shi bai faɗa ba. Yanzu ga mutum tamanin da uku sun ɗaga hannu suna jira, ba kuma wanda ya rage a duniya da zai faɗa a madadinsa.

Ya buɗe baki sau biyu. A na uku ya ce, "Yahuza."

Sandar ta faɗi daga hannunsa. Ya zauna a ƙasa daɓas, wani irin sauti ya fito daga ƙirjinsa, ya sake kiran sunan, ya sake, kamar mai kiran yaron da ya yi nisa a gona. Kukan shekara guda ya zo masa gaba ɗaya.

Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Fannami ya tuɓe takalmansa ya zauna kusa da shi, Buzun ya zauna, mai furar ta zauna daga baya, har duk tudun ya cika da zaunannu. Lokacin annoba ba a yi wa gidan zaman makoki ba, don babu masu zama. Ran nan aka yi shi, kwana uku cur, kuma duk wanda ya zo gaisuwa daga birni ya tambayi ina masu rashin, sai a nuna masa su duka.